Kuɗin Raunin Ma'aikaci: Ko Matar Da Aka Saka Tana Da Rabo A Ciki?

 

Mas'alar da za mu duba a wannan mako ita ce ta kuɗin nan da ake biyan ma'aikaci idan ya ji rauni a bakin aikinsa. Mu ƙaddara ga wani magidanci yana aiki a wata masana'anta, ko a Bompai, ko a Sharaɗa, ko wani wuri mai kama da su, sai inji ya datse masa hannu. Ya kwanta jinya wata takwas, abin da ke shigowa gidan ya tsaya, matarsa ce ke fama da shi dare da rana. Ta sayar da 'yan kunnenta, ta kwashi adashinta, ta kai kwanukan da iyayenta suka yi mata jere da su kasuwa, da haka aka sayi magani aka ɗora tukunya. Bayan an daɗe ana kai da kawowa sai kuɗin rauni suka fito. Ba a yi nisa ba zama ya ƙi daɗi, ya miƙa mata takardarta. To, shin tana da wani rabo a cikin waɗannan kuɗi, ko kuwa za ta tattara 'yan komatsanta ta koma gidan ubanta hannu rabbana?

Mutane sun kasu biyu a kan wannan. Dangin miji su ce hannunsa ne ya tafi, saboda haka kuɗinsa ne, kwabo ba za ta gani ba. Dangin mata su ce da ba don 'yarsu ba da bai rayu ya karɓi kuɗin ba, saboda haka a raba biyu. Ni a ganina kowane ɓangare ya riƙe gefen gaskiya ya saki ɗaya gefen, kuma dukkansu sun yi gaggawar hukunci tun ba su tambayi ko mene ne waɗannan kuɗi ba.

A Nijeriya akwai dokar biyan ma'aikata diyya ta shekarar 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987. Dokar ta ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da suke biya a wani asusu da hukumar NSITF ke kula da shi, ta kuma hana su cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci. Wanda ya ji rauni a bakin aiki ana biyansa daga asusun ba tare da an tsaya binciken ko laifin wane ne ba, kuma wanda ya naƙasa gaba ɗaya har ba ya iya komawa aiki, dokar ta yanka masa kashi 90 cikin 100 na albashinsa. Wasu kuma kamfanin inshora ne ke biyansu, wasu sulhu ake yi da mai masana'anta a ba su a dunƙule.

A bakin jama'a duk sunansu diyya, amma malaman fiƙihu sun rarrabe kalmomin. Diyya ita ce abin da Shari'a ta ƙayyade saboda rai ko wata gaɓa. Arshi shi ne abin da ake biya saboda rauni. Idan raunin ba shi da ƙayyadadden abu, sai masana su kimanta, wannan shi ake kira hukuma. A cikin takardar da Manzon Allah (S.A.W.) ya ba Amru ɗan Hazmu, wadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, an yanka raƙuma 100 saboda rai, hannu ɗaya raƙuma 50, ƙafa ɗaya 50, ido ɗaya 50, kowane yatsa 10, haƙori 5. Kuɗin da asusun gwamnati ke biya ba su zama diyya irin wannan sak ba, domin sau da yawa babu wani mai laifi da ya aikata ta'adin, inji ne da ƙarar kwana. Amma sun yi kama da ita ta fuskar manufa, kuma tara kuɗi daga mutane da yawa don a tallafi wanda tsautsayi ya faɗa wa ya yi kama da tsarin aƙila, watau dangin da ke haɗuwa su biya diyyar kisan kuskure. Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne, a duka biyun an ba da dukiya ne a madadin wani abu da ya salwanta daga jikin mutum. Ƙa'ida kuwa ita ce, madadin abu yana bin hukuncin abin da ya tsaya a madadinsa. Hannun nan na mijin ne tun kafin a ɗaura aure, ɗaurin aure bai mallaka wa matar rabinsa ba, saboda haka abin da aka biya a madadinsa nasa ne.

Ga kuma wata hujja. Sayyidina Umar ya kasance yana ganin mace ba ta gadon diyyar mijinta, har Dahhaku ɗan Sufyanu ya sanar da shi cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya rubuto masa ya ba matar Ashyamu Addibabi gadonta daga diyyar mijinta, sai Umar ya koma kan haka. Malamai suka fahimta daga nan cewa diyya tana shiga cikin dukiyar wanda aka yi wa ta'adi tukuna, sa'an nan ta bi hanyar da sauran dukiyarsa ke bi. Matar Ashyamu ta sami rabonta ne ta ƙofar gado, kamar yadda za ta samu daga raƙumansa da gonarsa.

Sai mu haɗa wannan da asalin da kowane ɗalibi ya sani, watau a Musulunci aure ba ya cuɗa dukiyar miji da ta mata. Kowa da zimmarsa. Aya ta 32 ta Suratun Nisa'i ta tabbatar wa maza rabon abin da suka tsiwurwurta, ta tabbatar wa mata nasu. Wannan ya saɓa wa abin da ake yi a jihohi 9 na Amurka, irin su Kalifoniya da Tekzas, inda ake ɗaukar abin da aka samu cikin zaman aure a matsayin na tarayya, a raba shi ranar rabuwa. Mutanenmu da ke jin irin waɗannan labarai a rediyo da wayar hannu sukan zaci haka abin yake ko'ina. A nan gida, dokar aure ta 1970 wadda ta ba alƙali ikon daidaita dukiya tsakanin ma'aurata ta shafi auren rajista ne kawai. Auren da aka ɗaura da waliyyi da sadaki da shaidu, kotun Shari'a ce ke duba shi, da fiƙihun Malikiyya.

To, ashe ke nan dangin miji sun yi gaskiya? Sun yi gaskiya a kan cewa matar ba abokiyar tarayya ba ce a cikin kuɗin. Amma sun manta cewa mai dukiya ana iya binsa bashi, kuma bashi ba ya tambayar ta wace hanya kuɗi suka shigo hannun wanda ake bi. A nan ne maganar take, a nan kuma aka fi cutar mata, domin yawancinsu ba su san suna bin kome ba.

Shehu Halilu ya bayyana a cikin Muhtasar, a babin ciyarwa, cewa idan mace ta kashe dukiyarta a kan mijinta, tana da ikon ta nemi a mayar mata da abin da ta kashe, ko da a lokacin yana cikin talauci, muddin ba almubazzaranci ta yi ba, kuma ba da niyyar kyauta ta yi ba. Ya kwatanta ta da mutumin da ya ciyar da baƙon da ciyar da shi bai wajaba a kansa ba. Dalilin a fili yake. Shari'a ta ɗora wa miji ciyar da mata, ba ta ɗora wa mata ciyar da miji ba, balle kuɗin asibitinsa. Saboda haka kuɗin 'yan kunnen nan da suka tafi wurin allura da wankin ciwo, da adashin da aka biya kuɗin gado da shi, da naman da take saya masa don ya yi jini, duk bashi ne a wuyansa. Da can ba shi da abin biya, Alƙur'ani ya yi umarni a saurara wa matsattse har ya sami sauƙi. Yau sauƙi ya zo. Idan ya ce ai kyauta ta yi, sai alƙali ya dubi shaidu da alamu da al'adar wurin, ya kuma ɗora rantsuwa inda ta dace.

Sai dai akwai wani wuri da mazhabarmu ta tsananta wa mace, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. A wurin Malikiyya, ciyar da mata yana faɗuwa daga kan miji a kwanakin da ya tabbata ba shi da shi. Idan ta ciyar da kanta a waɗannan kwanaki, ba za ta dawo ta neme shi ba bayan ya wadata. Watau abin da ta kashe a kansa tana binsa, abin da ta kashe a kanta kuwa ya tafi. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun saɓa, suna ganin ciyarwar tana taruwa ta zama bashi ko da mijin matalauci ne. Idan kuwa yana da hali a lokacin ya ƙi ciyarwa, to, a wurinmu ma tana binsa dukkan abin da ya wuce.

A nan nake so malamanmu da alƙalanmu su tsaya su yi nazari, domin kuɗin rauni na wannan zamani ba abu guda ba ne a dunƙule kamar raƙuman diyya. Idan aka warware su za a tarar da zare uku. Akwai abin da aka biya saboda gaɓar da ta tafi da raɗaɗin da aka sha. Akwai abin da aka biya don mayar da kuɗin magani. Akwai kuma abin da aka biya a madadin albashin da ya tsaya, na watannin da suka shige da na shekarun da ke tafe. Kotuna da yawa a Amurka haka suke rarrabe su idan irin wannan shari'a ta zo gabansu, su bar wa mai rauni kason jikinsa da na albashin gaba, su sa na albashin baya da na magani cikin abin da za a duba. Mu ba mu bin asalinsu na tarayya, amma rarrabewar kanta hankali ya yarda da ita, kuma ta dace da ƙa'idarmu ta madadi. Kason magani, idan matar ce ta biya maganin, ai nata ne kai tsaye, an biyo da shi ne kawai ta hannun mijin. Kason albashin watanni takwas ɗin nan kuwa, da a ce ya zo a kan kari, da shi za a ciyar da gidan, da matar ba ta taɓa kwanukanta ba. Shin za mu ce jinkirin takardu a ofis ya isa ya kayar da haƙƙin da Allah Ya wajabta? Mutumin da haƙƙinsa ya tabbata tun ranar da inji ya kama shi, sai dai bai iso hannunsa ba, ya fi kama da mai dukiyar da ta yi masa nisa fiye da wanda ba shi da kome. Ra'ayina ke nan, ban kuma ce fatawa ce ba, amma ina ganin alƙalin da ya sulhunta su a kan a mayar mata da ciyarwar waɗannan watanni daga wannan kaso bai kauce wa manufar Shari'a ba, ga shi kuma manyan mazhabobi biyu suna bayansa.

Sauran haƙƙoƙin sanannu ne, ba sai mun daɗe a kansu ba. Idan akwai ragowar sadaki da aka yi wa ajali, ya biya. Idan sakin na kome ne, ciyarwa da tufatarwa da wurin kwana suna kansa har ta gama idda. Idan saki ne yankakke, tana da wurin zama, ciyarwa kuwa sai in tana da ciki. 'Ya'yan da ke hannunta abincinsu da suturarsu suna kan ubansu, kuma Suratuɗ Ɗalaƙi ta ɗaure gwargwadon ciyarwa da gwargwadon wadata, saboda haka alƙali zai lissafa da kuɗin raunin idan zai yanka. Amma fa zai lissafa da cewa mutumin nan mai hannu ɗaya ne yanzu, abin da aka ba shi shi ne guzurinsa na sauran rayuwa. Wanda ya ga naira miliyan uku a hannun naƙasasshe ya ce ya yi arziki, bai raba su a kan shekara ashirin ba.

Akwai kuma wani haƙƙi da muka binne a ƙasar Hausa har yawancin mutane ba su taɓa jin sunansa ba, shi ne mut'atuɗ ɗalaƙi. Kada mai karatu ya rikita shi da auren mutu'a da aka haramta, tushen kalmar ne kawai ɗaya, ma'anarta abin jin daɗi. Ita ce kyautar sallama da miji ke ba matar da ya saka don ya sanyaya mata zuciya, kuma an ambace ta a aya ta 236 da ta 241 na Suratul Baƙara, mai yalwa gwargwadon yalwarsa, mai ƙunci gwargwadon ƙuncinsa. Imamu Malik yana ganin mustahabbi ce, alƙali ba ya tilasta ta. Imamu Shafi'i yana ganin wajibi ce ga mafi yawan waɗanda aka saka. Mu da yake an ce mana mustahabbi ce, sai muka mai da ita kamar ba a saukar da ita ba, alhali kuwa azumin Litinin da Alhamis ma mustahabbi ne, ba mu kuwa yar da shi ba. In akwai matar da ta cancanci wannan kyauta, ai ita ce wadda ta yi wata takwas tana kwashe fo tana juya majinyaci. Shari'a ba ta yanka mata ladan jinya na kuɗi ba, domin jinyar miji tana cikin kyakkyawan zama, amma ga ƙofa nan a buɗe da mutumin kirki zai bi ya saka mata.

Wani zai ce, ba a taɓa samun malamin Malikiyya da ya ba mace kaso a dukiyar mijinta saboda wahalarta ba? An samu. A ƙarni na 10 na Hijira, alƙali Ahmadu ɗan Arduna, a duwatsun arewacin Maroko, ya yi fatawa cewa matan ƙauye da ke noma da girbi da sussuka tare da mazansu suna da rabo a amfanin da aka samu, abin da ake kira haƙƙin kaddu da si'aya, watau wahala da fafutuka. Wasu malaman Fas sun yi masa gardama, amma aka ci gaba da aiki da shi a wasu yankuna, kuma dokar iyali ta Maroko ta 2004, a sashe na 49, ta umarci alƙali ya dubi aikin da kowane ɗaya daga ma'aurata ya yi wajen haɓaka dukiyar gida. Fatawa ce mai kyau, matanmu na karkara da ke yini a gona sun cancanci a yi nazarinta saboda su. Sai dai ba ta hau kan mas'alarmu ba, domin tushenta shi ne dukiyar da gumin mutum biyu ya haifar. Kuɗin rauni kuwa jinin mutum ɗaya ne ya haifar da su. In dai an juya su daga baya, aka buɗe shago da su, matar ta riƙa tsare shagon shekara da shekaru, to, ribar da ta biyo baya wata magana ce daban.

Hukuncin nan duka yana juyawa idan matar ce ta ji raunin, kuma yau mata ma'aikata suna da yawa a asibitoci da makarantu da masana'antu. Kuɗinta nata ne. Abin da Malikiyya suka ba miji shi ne ya hana ta yin kyautar da ta wuce sulusin dukiyarta, wannan kuwa bai mallaka masa ko anini ba. Abin tsoro a nan shi ne mijin da zai ga kuɗi sun shigo, ya shiga ƙuntata mata don ta gaji ta nemi hul'i, sa'an nan ya tsuga mata abin da zai lashe kuɗin. Aya ta 19 ta Suratun Nisa'i ta hana wannan ƙarara, kuma a mazhabarmu idan ta tabbatar da cutarwa, ko da da shaidar ji daga maƙwabta ne, sakin ya tabbata, a kuma mayar mata da abin da ta bayar.

Idan kuma raunin ya yi tsanani har ana tsoron mutuwa, mutum ya saki matarsa yana kan wannan hali don kada ta ci gadon kuɗin, ya kuwa mutu a wannan ciwo, to, dabararsa ba ta yi ba. A wurin Imamu Malik tana gadonsa ko da ta gama idda, kai ko da ta yi wani aure. Sayyidina Usmanu ya ba Tumadiru, matar Abdurrahmani ɗan Aufu, gadonta bayan ya sake ta a ciwon ajalinsa.

Duk wannan magana ce ta abin da alƙali zai iya kamawa. Akwai kuwa abin da ya fi ƙarfin alƙali. Mutum yana iya biyan bashin nan kwabo da kwabo, ya ciyar har idda ta cika, ya fita daga kotu da takarda mai hatimi, amma ya kasance azzalumi a wurin Allah, idan dalilin sakin shi ne ya ga kuɗi yana son sabuwar fuska da ba ta gan shi a kwance ba. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, ita kuwa an riga an san ta, ta zauna lokacin da babu miyar babu tuwon, alhali Shari'a ta ba ta ikon kai ƙara a raba auren saboda rashin ciyarwa, ba ta kai ba. Allah Ya hori ma'aurata a aya ta 237 ta Suratul Baƙara kada su manta alherin da ke tsakaninsu, kuma a tsakiyar ayoyin saki Ya yi wannan horo. Haka nan ban wanke matar da ta zauna tana ƙidaya kwanaki har kuɗi su fito, sa'an nan ta tayar da fitina don ta yagi rabonta ta bar shi da dungu ba. Irin wannan ma akwai, kuma ita ce ta sa dangin miji suke ɗaure fuska ga mai gaskiya.

Abin da ke kayar da mata a gaban alƙali kusan kullum shi ne rashin shaida. Ta sayar da zinariyarta a ɓoye don ta rufa wa mijinta asiri, ba wanda ya sani sai dillaliya, rasit ɗin kantin magani kuwa an daɗe da kunna wuta da shi. Kunya ta hana ta cewa rance ne, ranar shari'a kuma a ce mata kyauta ce. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ba ta kuwa togace miji da mata ba. Ya isa mace ta sanar da waliyyinta da wani dattijo ɗaya daga dangin mijin cewa ga abin da ta sayar, ga abin da aka yi da kuɗin, ta kuma adana takardun asibiti a ƙasan akwatinta. In zama ya ɗore, ta yafe masa ta sami lada. In kuma ya ƙare, alƙali ya sami abin da zai riƙa.

Allah Shi ne mafi sani.